Man Giya a Motar Kawu

Ni na kashe injin motar nan da hannuna, tun kafin Kawu ya shigo cikin maganar. Gara in faɗa da wuri, kada wani ya ɗora wa bakanike ko mai sayar da mai laifin da ba nasu ba. Shekara shida ina hawanta a Dutse, daga gida zuwa ofis, daga ofis zuwa gida, ƙarshen wata in leƙa ƙauyenmu da ke bayan Kiyawa in gaida Inna. A duk shekarun nan, juyen mai na kirki da na yi mata bai cika yatsun hannu ɗaya ba. Ni ɗan ciko ne. In na zaro ma'aunin inji na ga mai ya yi ƙasa, sai in tsaya bakin titi wurin masu sayar da baƙin mai a kwalba, in ɗiga a yatsa, in murza, in ɗaga sama ina kallo kamar wani masani. In ya yi kauri ya yi danƙo, in ce a zuba. Wa ya koya mini cewa kauri shi ne kyau? Oho. Haka na ga kowa yana yi, ni ma na bi sahu.

Bakanikena wani dattijo ne mai gareji a ƙarƙashin bishiyar maina, kuma ya gaji da yi mini wa'azi. "Malam, sabon mai a kan tsoho ai wanka ne a mayar da riga mai dauɗa. Ka sayo galan wanda ba a fasa ba, mu juye, mu canza filta." Ni kuwa kullum amsata ɗaya ce, wata mai zuwa. Har haushinsa nake ji. Mota tana tashi, tana tafiya, me kuma ake nema da ni?

Wata safiya cikin bazara na murza makulli, sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas daga can ƙasan inji, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofar langa-langa da ƙusa. Jar fitilar nan mai zanen ƴar buta ta kama, ta ɗauke, ta sake kamawa. Na lallaɓa har gareji. Dattijon ya ɗora bakin sukudireba a jikin injin, ya kara kunne a ƙotar, ya rufe ido. Ya daɗe a haka. Da ya ɗago bai ko ce mini "na faɗa maka" ba, kuma da ya faɗa da ya fi mini sauƙi.

"Ƙarafan ƙasa sun cinye," ya ce. "Kwananta ya kusa ƙarewa. Ko a sauke inji, ko ka rabu da ita."

Na ce, "Wa zai saye ta tana wannan kukan?"

"Masu yi suna yi. Su zubar da man, su ɗura man giya, mai kaurin nan da ake zuba wa akwatin giyar mota. Sai ya toshe mata baki sati biyu ko uku. Kafin ta buga ta bar hannunsu." Ya goge hannu da tsumma yana kallona. "Amma ba a garejina ba."

Na yi tsaki, na ce Allah ya kiyaye, ni da ilimina da mutuncina. Wannan ranar Laraba ce. Ranar Asabar da hantsi ina kwance ƙarƙashin motar a bayan gida, da tsohon baho da sifana.

Man da ya fito baƙi ƙirin ne, yana ƙauri. Na mayar da ƙusar mai na ɗaure, na fasa galan ɗin man giya. Duk wanda ya taɓa shinshinarsa ba ya mantawa, wani wari ne mai hawa kai kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Ba ya ma son zuba, sai ya yi ta jan jiki a bakin galan kamar kunun da ya kwana. Na ɗura, na rufe, na tayar. Injin ya yi nishi sau biyu, sannan ya daidaita. Ƙarar ta ɗauke ɗif. Na tsaya a gaban motar hannuna duk mai, kuma wallahi shirun nan ya fi ƙarar ba ni tsoro.

Amma na lallashi kaina. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya zo sayen tsohuwar mota ai ya san ba sabuwa ya zo saye ba. Wani dillali ne zai zo daga nesa, wanda ban san shi ba bai san ni ba, shi ma cutar wani zai je yi da ita. Na wanke motar tas, na fito da ita ƙofar gida, na ɗora wani tsohon galan a kan rufinta yadda ake yi, don duk mai wucewa ya san ta sayarwa ce.

Washegari Kawu ya yi sallama.

Kawu yayan Inna ne. Da Baba ya rasu ina firamare, shi ya ɗauke ni, a gidansa na girma, a bayan shanunsa na yi duk hutun makaranta. Garken da na sani ina yaro ya daɗe da narkewa, burtali ya zama gonaki, ana sayar da ɗaya yau ɗaya gobe. Abin da ya rage masa bijimai biyu ne na huɗa, farare, waɗanda yake noma gonarsa da su ya kuma yi wa maƙwabta ƙodago. A ranar ya shigo Dutse ganin likitan ido, ɗansa ya ɗauko shi a babur. Ɗan nan nasa taubashina ne, sa'ana, mai mata da ƴaƴa huɗu, ɗan acaɓa. Tun muna yara ba ma haɗuwa mu rabu ba mu tsokani juna ba.

Ba su ma zauna ba Kawu ya nuna galan ɗin da sandarsa. "Wannan fa? Mantuwa aka yi?"

Taubashina ya kwashe da dariya. "Baba, ai ɗan birni ne ya talauce, motar zai sayar."

Kawu bai yi dariya ba. Ya kalli ɗansa, ɗan ya kalle shi, na ga alama akwai maganar da suka daɗe suna yi a gida. Ashe taubashina ya koyi mota, ya gaji da rana da ƙurar acaɓa, yana son ya riƙa ɗaukar fasinja tsakanin Dutse da Jahun. Abin da ya hana Kawu yarda tsoron dillalai ne kawai.

"Tayar da ita in ji," Kawu ya ce.

Na tayar. Ya zagaya ta a hankali yadda yake zagaya saniya a kasuwar kara. Ya durƙusa da ƙyar ya leƙa ƙasa ko tana ɗiga. Ya tsaya a bayanta ya dubi hayaƙi. Sannan ya shimfiɗa tafin hannunsa a kan bonet ya karkata kai.

"Numfashinta lafiya," ya ce. "To me zai sa ta tafi hannun bare?"

Na ce, "Kawu, tsohuwa ce fa. A bari in nema masa wata."

"Wata ta wa? Wadda ba mu san cikinta ba? Wannan kai ka riƙe ta, kai ɗan boko ne, ka san lokacin ba ta mai da lokacin hutar da ita. Naka sai naka." Ya ɗauka kunya nake ji in yi ciniki da shi. Sai ya gyara tsayuwa, ya kafe ni da idon nan nasa mai yana. "Abu ɗaya zan tambaye ka, ɗana. Tana da wani aibi da ka sani?"

Na san tambayar nan. Na sha tsayawa a bayansa a kasuwa ina jin yana faɗa wa mai saye, tun ba a tambaye shi ba, cewa wannan tana harbi, waccan ta taɓa ɓari. A wurinsu haka ake ciniki: ka faɗi aibi, mai saye ya ɗauka da saninsa. Ba abin da nake buƙata sai in ce inji ya lalace. Amma ga injin nan yana ta tafiya sumul a ƙarƙashin hannunsa. In na ce ya lalace zai ce ina ƙarar, in na faɗi inda ƙarar ta tafi, to na gaya wa mutumin da ya raine ni cewa na kwanta a ƙasa na haɗa wa wani bawan Allah tarko. Na ji tsoron fuskar da zai yi. Tsoro ne tsagwaronsa, ba wani abu ba.

Na ce, "Sai dai tsufa, Kawu."

"Tsufa ba aibi ba ne," ya ce. Ya miƙa sanda ya ture galan ɗin daga kan rufin.

Ranar kasuwa ya sayar da bijiman. Bai yi ciniki da ni ba, ni ma ban iya buɗe baki ba. Abin da ya samu ya ƙulle a leda ya aiko. Kuɗin ba su kwana uku a hannuna ba suka shige ginin da nake fama da shi, suka zama bulo da siminti. Ina jin da gangan na yi saurin nan, don kada a sami hanyar komawa baya.

Ƙarshen makon na je ƙauye a motar haya. Abin da na fara gani a gidan Kawu turaku biyu ne babu komai a jikinsu, igiyoyin suna nan a ɗaure, garmar shanu an jingine ta a jikin rumbu. Na tambaye shi huɗar bana fa. Ya ce kafin ruwa ya sauka mota ta kawo abin da za a ɗauki hayar shanu, baɗi kuma in Allah ya yarda a sayi wasu. Inna kuwa sai sa mini albarka take yi, wai na tuna da ɗan'uwana, wai haka ake son zumunci. Ta dama mini fura da nono mai kyau, na kasa shanye rabin ƙwarya.

Taubashina ya ja ni wurin motar, ya ɗaure mata wani jan ƙyalle a madubi. "Kai ɓarawon birni," ya ce, yana dukan kafaɗata, "faɗi gaskiya, me ka ɓoye a cikinta? Ni na san ba ka sakin abu mai kyau."

Na yi dariyar dole, na ce masa ɗan daji, ya je ya koyi riɓas tukuna.

"To yaushe zan yi mata juye? Direbobi a tasha sun ce in ka sayi mota, farkon abin yi ke nan."

In ya juye ya zuba man kirki, da safe ƙarar za ta dawo, kowa ya ji. Na ce, "Kada ka taɓa. Ban daɗe da yi mata ba. Kai dai ka riƙa duba ma'auni."

Wannan ƙaryar ta fi ta farko muni, don ita na san abin da nake yi sarai. Ta farko firgita ce. Wannan kuwa lissafi ne.

Daga nan na zama mai gadin motar da ba tawa ba. Na koma hawa babur zuwa ofis, kuma kullum sai na sa a bi da ni ta tasha, wai ina da saƙo. In hango ta a layi, an danƙara mata buhuna har but ba ya rufuwa, mutum huɗu a baya biyu a gaba, wani lokaci da akuya. In tsaya nesa in kasa kunne. Mako na farko shiru. Na biyu shiru, sai dai wani siririn hayaƙi mai shuɗi-shuɗi da take saki in ya taka. In wayata ta yi ƙara na ga sunansa, sai na yi addu'a kafin in ɗauka, shi kuwa tsokana ce kawai: yau ya yi sawu uku, yau wani ya taya motar, man ko motsi bai yi ba a ma'auni, ashe ɗan birni yana da amana. Na zama mai faɗa a gida ba dalili. Matata ta tambaye ni sau biyu me ke damuna, na daka mata tsawa, ta ƙyale ni.

A mako na uku na ji ta. Yana fita daga tasha, daidai inda zai hau kwalta, sai ga ƙwas, ƙwas ɗin nan can ƙasa, siririya, wadda in ba ka san ta ba ba za ka ji ba. Na tafi kai tsaye shago na sayi galan ɗin mai na gaske, wanda ba a fasa ba, irin wanda shekara shida na ƙi saye. Na rungume shi har garejin dattijon nan.

Na ce, "In aka juye yanzu aka zuba wannan fa?"

Ya dubi galan ɗin, ya dube ni. "Ka yi ke nan."

Na ajiye galan ɗin a ƙasa.

"Wa ka sayar wa?"

Na juya ina kallon titi.

"Malam, ba man da ke dawo da ƙarfen da ya cinye. Ka je ka ce a ajiye ta yau, tun injin yana gyaruwa. In ta buga tana gudu, sai dai a sayar wa ƴan gwangwan."

Na ce to. Na koma gida na tura galan ɗin bayan ƙofa. Na ce gobe zan kira Kawu. Gobe ta yi na ce sai Juma'a in na je da kaina, irin wannan magana ba ta waya ba ce. Kwana huɗu na yi ina wannan jan ƙafar. A kwanakin ne kuma gabas ta fara haɗa hadari da yamma, ya taso ya yi baƙi, iska ta watsa shi. Manoma suna murna, ni kuwa ina kallon sama ina tuna turakun nan.

Ba a kai Juma'ar ba. Ranar Alhamis bayan azahar taubashina ya kira, kuma ba tsokana a muryarsa. Motar ta buga a hanyar Jahun, bayan an wuce Kiyawa kaɗan. Ya ce wata ƙara ta yi kamar an fasa tukunya, hayaƙi ya turnuƙe, ta mutu a tsakiyar titi da fasinja cike. Allah ya tsare ba wanda ya ji ciwo. Kawu ma yana ciki, za shi gaisuwar rasuwa. An ja ta da igiya zuwa wani gareji a bakin Kiyawa.

Na same su a can. Kawu yana zaune a kan wata tsohuwar taya, sandarsa a tsakanin gwiwoyi. Mutane sun taru, direbobi da masu faci da ƴan kallo. Bakaniken wurin matashi ne mai baki, ban taɓa ganinsa ba. Yana ƙarƙashin motar ya kwance ƙusar mai, kuma man ya ƙi zubowa yadda mai yake zubowa. A hankali yake saukowa, wani baƙin igiya mai kauri, da ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli a ciki. Warin ya iso inda nake tsaye. Ya lakato da yatsa ya kai hanci, ya fito da sauri har yana buge kai.

"Kai! Man giya ne wannan! Wane mara tsoron Allah ne ya ɗura man giya a inji? Ai wannan aikin ƴan damfara ne, in za su sayar da gawa. Direba, wa ya yi maka juye?"

Taubashina ya buɗe baki. "Ni ban taɓa..." Sai ya tsaya. Ya juyo ya dube ni. Na ga lokacin da abin ya faɗo masa, na ga fuskarsa ta canza. Kowa ya bi idonsa. Na san ko na yi magana ko ban yi ba an gama.

"Ni ne," Kawu ya ce.

Aka juya gare shi.

"Ni na zuba. Na gan shi a kasuwa a kwalba, na ga ya fi kauri, na ce wannan zai fi riƙe ta. Yaron nan ba ya nan na buɗe na ɗura. Ban san akwai na giya da na inji ba."

Kawu bai san inda ake jan bonet ya buɗe ba. Na sani, ɗansa ya sani.

Wurin ya kaure da dariya. Bakaniken ya riƙe kai. "Haba Baffa! Mota ai ba saniya ba ce da za ka yi mata ɗuri! Ka kashe inji da hannunka, wallahi ka kashe shi murus." Wani direba ya ce mutanen daji sai a hankali, wani ya ce a bar tsoho da kiwonsa. Kawu ya zauna yana gyaɗa kai, yana cewa haka ne, kuskure ne, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Dattijo mai furfura, wanda ake kira sasanci har ƙauyuka uku, ya zauna a kan taya yara suna yi masa dariya. Ni kuma ina tsaye da hulata da takalmin ofis, ban ce uffan ba.

Da mutane suka watse, taubashina ya tafi neman wanda zai tsare motar, ko kallona bai yi ba. Hadari ya haɗu sosai a gabas, iska ta fara ɗaga ledoji. Kawu ya dogara sanda ya miƙe. Na matsa na durƙusa a gabansa.

Na ce, "Kawu, ni ne. Tun kafin ka zo na..."

Ya ɗaga hannu. "Ban tambaye ka ba. Ran nan na tambaye ka."

"Zan mayar maka da shanun, Kawu. Ko ginin zan sayar."

Ya dubi sama, ya dubi titi. "Malam, ka kama hanya kada ruwa ya tare ka. Kuma kada mahaifiyarka ta ji wannan maganar, ba daga bakinka ba, ba daga na kowa ba."

Tunda aka haife ni Kawu bai taɓa ce mini Malam ba. Ya tsayar da wani mai keke, ya shiga, bai waiwayo ba. Ruwan ya sauko ina tsaye a wurin, ruwan shuka na farko a shekarar.

A daminar nan da garmar hannu suka yi huɗa, shi da ɗansa, kuma rabin gonar kawai suka iya. Inna har ta rasu ba ta sani ba, tana ba da labarin yadda yayanta ya kashe mota da man kasuwa, ana dariya. Sai da kaka ta biyu na iya haɗa bijimai biyu, farare, na sa aka kai masa har gida. Bai mayar da su ba. Ya fito ya zagaya su, ya duba haƙoransu, ya sa aka ɗaure. Sannan ya ce wa wanda ya kai su, a yi wa Malam godiya.